Boris ɗin taya yana gurnani: a buga da guduma ko a kai injin matsi?

Malamin Makaranta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar masana. Motata ƙarama ce mai jan gaba, ta haura kilomita 150,000. Kwanan nan ta fara wani gurnani daga gaba, wanda ba na jin sa sai na kai gudun 60 zuwa sama, kuma ina ƙara wuta yana ƙaruwa. Na kai wa bakanike, ya zaga da ita ya ce boris ɗin taya ne, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye da taya ke juyawa a kai, na hagu. Ya ce in sayo sabo, zai fitar da tsohon da guduma ya buga wannan. Tambayata biyu ce. Ta yaya zan tabbatar boris ne, kuma na hagun ne? Sannan bugawa da guduma ba matsala?

Direban Tasi: Wa alaikumus salam. Malam, in dai gurnani ne kawai ci gaba da hawa abinka. Boris yana daɗewa yana kuka kafin ya mutu. Ka sa a ɗan cusa masa giris, zai yi shiru.

Oga Mai Gareji: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kada ka sayi komai tukuna. Ka samu miƙaƙƙiyar hanya wadda babu cunkoso, ka kai gudun da ƙarar ke fitowa, ka sa giya a firi. In ƙarar ta ragu tare da inji, ba daga ƙafa take ba. In tana nan daram, tana bin gudun taya, to mun kusa. Daga nan ka ɗan karkata sitiyari hagu a hankali, ka dawo dama, kana sauraro. Idan ka karkata hagu, nauyin mota yana komawa kan tayoyin dama. Idan ka karkata dama, ya koma kan na hagu. Boris ɗin da ya ci yana ƙara kuka in an ɗora masa nauyi, ya sassauta in an sauke. Ka gwada ka zo ka faɗa mana.

Oga Direba, ka yi haƙuri, amma maganar giris ba ta shafi irin wannan boris ɗin ba. Na gaban ƙananan motoci masu jan gaba a rufe yake zuwa daga kamfani, da giris ɗinsa a ciki da sil, wato robar da ke toshe bakinsa, gaba da baya. Ba shi da ƙofar da za a ƙara masa. Wanda ya ɓanɓare sil don ya cusa giris ya buɗe wa ruwa da yashi hanya ne.

Direban Tasi: Oga, ni dai na ga ana yi, kuma ƙarar tana raguwa.

Oga Mai Gareji: Tana raguwa na ɗan lokaci, ban musa ba. Amma abin da ke kukan ƙarfe ne da ya riga ya ɓarɓashe. Giris ba ya mayar da ƙarfen da ya zube. Kuma shawarar a ci gaba da hawa ita ce ta fi damuna. Boris in ya fara wasa, hob, wato ƙarfen da ake ɗaure taya a jiki wanda faifan birki ke zaune a kai, shi ma yana rawa, sai faifan ya riƙa tura takalman birki baya. Ka zo taka birki ka ji ƙafarka ta nutse fiye da yadda ka saba. In ya yi zafi sosai yana iya cijewa ana cikin gudu, in abin ya kai ƙarshe taya na iya rabuwa da mota. Kai kuma fasinja kake ɗauka.

Malamin Makaranta: Oga na gwada. A firi ƙarar tana nan. Amma ga abin mamaki, in na karkata hagu ne take ƙaruwa, in na karkata dama ta kusan ɓacewa. Ke nan na dama ne, ba na hagu ba?

Oga Mai Gareji: Alama ta nuna dama, amma kada ka yanke hukunci da wannan kaɗai. Ƙara tana bin ƙarfen mota ta ruɗi kunne, shi ya sa mutum zai rantse daga hagu take alhali daga dama ce, wani lokaci ma daga baya. Kuma irin wannan boris ɗin layi biyu ne na ƙwallaye a cikinsa, na ciki da na waje, kowanne da lokacin da nauyi ke hawa kansa, don haka gwajin karkatawa yakan yi ƙarya jefi-jefi. A ɗaga motar, a sa mata ƙafafun ƙarfe, kada a dogara da jak kaɗai. Ka kama taya sama da ƙasa ka jijjiga. Sannan ka ɗora tafin hannunka a kan sifirin ɗin shoka, wani ya juya tayar da ƙarfi. Boris mai lafiya ba za ka ji komai ba. Wanda ya ci kuwa, za ka ji wani gurzo-gurzo yana ratsowa cikin hannunka. Ka yi wa hagu, ka yi wa dama, ka kwatanta. Wannan gwajin na fi yarda da shi a kan duk sauran.

Injiniya: Ƙari a kan bayanin Oga. Rashin wasa ba ya wanke boris. Da yawa suna kuka sosai amma ka jijjiga ka ji su tsam. Haka kuma ba kowane wasa ne na boris ba: in sama da ƙasa ne, boljoyin, wato gaɓar da ƙafar mota ke juyawa a kai, na iya jawo shi, in gefe da gefe ne, a duba tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da ƙafa. Ka sa wani ya taka birki sannan ka sake jijjigawa. In wasan ya ɓace, boris ne, domin birki ya riƙe hob. In yana nan, a nemi laifin a wani wuri.

Sai kuma taya. Tayar da ta ci ba daidai ba, wadda in ka shafa ta ka ji tudu da kwari, tana yin gurnani irin na boris sak. A sauya tayoyin gaba su koma baya, in ƙarar ta bi su, an gano mai laifi. Shi kuwa shaf, ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa taya, in ya lalace ƙas-ƙas-ƙas yake yi in an murɗe sitiyari gaba ɗaya ana tafiya a hankali, ba ya gurnani.

Baba Tsohon Hannu: Yara, duk na ji bayaninku, kuma daidai ne. Amma tambayar Malam ta biyu ba ku taɓa ta ba, kuma na san inda za ku dosa. Ni tun ina saurayi nake sa boris da guduma da ɗan guntun ƙarfe, manyan motoci da ƙanana, ba a dawo mini da aiki ba. Hannu ne, in ka iya ka iya. Kada a tsorata bawan Allah da maganar inji.

Oga Mai Gareji: Baba, Allah ya ƙara girma. Mu a wurin irinku muka koya, kuma na yarda ba a dawo maka da aiki ba. Amma ina roƙo ka tuna wane irin boris ne ka fi sawa. Mai zubin mazurari ne, wanda ke rabuwa biyu, ko ba haka ba? Zoben waje daban, sandunan nan masu gangara da zoben ciki daban. In za ka sa shi, zoben waje kaɗai kake bugawa cikin hob, tsirararsa, babu ko sanda ɗaya a kansa. Sai ka gama bugu sannan ka cika sandunan da giris ka zura su da hannu. Gudumarka ba ta taɓa ratsa abin da ke gangarawa ba. Shi ya sa aikinka ke daɗewa.

Wanda ke motar Malam dunƙule yake. Zoben waje, ƙwallaye layi biyu, zoben ciki guda biyu, sil, duk a haɗe. Kuma sau biyu ake matsa shi: a tura shi cikin nokul, wato ƙarfen ƙafa mai ramin da boris ke zama, sannan a tura hob cikinsa. Kowane matsi yana da wurin da ya kamata ƙarfi ya bi. In ana tura boris cikin nokul, ƙarfi ya hau zoben waje kaɗai. In ana tura hob, dole a tokare zoben ciki daga baya, don ƙarfin ya wuce daga hob zuwa zoben ciki zuwa abin tokarar, ba tare da ya ratsa ƙwallaye ba. Mai guduma a nan yake kashe boris. Yana dukan hob, babu abin da ya tokare zoben ciki, kowane bugu ƙwallayen ne ke karɓa.

Baba Tsohon Hannu: To ai ƙarfe ne mai tauri, ɗana. Abin da ke ɗaukar nauyin mota da kaya, bugun guduma ne zai kashe shi?

Injiniya: Baba, in ka ba ni dama in amsa wannan. Taurin nasa shi ne dalilin. Ƙwallo da zoben da yake gudu a kai ba su haɗu ba sai a wani ɗan tabo ƙanƙane. Nauyin mota yana hawa a hankali, ya rarrabu kan ƙwallaye da dama, kuma suna cikin juyawa. Bugun guduma kuwa yana zuwa lokaci guda, a kan ƙwallayen da ke tsaye wuri ɗaya, sau da yawa ma ta gefe guda. Sai kowane ƙwallo ya bar ɗan loɓa a jikin zoben. Ido ba lalle ya gani ba, hannu ma ba lalle ya ji ba ranar da aka sa.

Yanzu a duba lissafi. Tayar ƙaramar mota, kamar mai lamba 195/65 R15, zagayenta kusan mita 2 ne. Ke nan tana juyawa wajen sau 500 a kowane kilomita, kuma a gudun 100 tana juyawa kusan sau 14 a daƙiƙa ɗaya. Ƙwallayen nan suna ta faɗawa cikin loɓar nan suna fita ba hutu. Gefen loɓar ya fara tsagewa, ɓarɓashi ya zubo cikin giris, ɓarɓashin ya shiga gurzar sauran wurin. Bayan 'yan watanni gurnani ya dawo, sai a ce ai boris ɗin ne jabu. Wani lokaci jabun ne da gaske, amma sau da yawa ranar sawa aka ji masa rauni.

Irin naka kuwa Baba, mai zubin mazurari, tsohon ƙira ne mai nagarta. Henry Timken ne ya yi masa rajista a Amurka a 1898, kuma har yau shi ke ƙafar manyan motoci da tireloli, domin sanda tana kwanciya a kan layi ne, ta fi ƙwallo ɗaukar nauyi.

Baba Tsohon Hannu: Maganar zoben ciki ta shige ni. Amma ku faɗa wa mutane gaskiya, ba kowane gareji ke da injin matsi ba. Wanda ba shi da shi ya rufe aiki ke nan?

Oga Mai Gareji: A'a Baba. Hanya biyu ce. Ko a kwance nokul ɗin gaba ɗaya a kai wa mai inji ya matsa, ko a yi amfani da dogon bol mai kauri da fayafayan ƙarfe masu girma daban-daban, a zura bol ɗin ta tsakiya a riƙa ɗaure noti, boris yana shiga sannu a hankali. Wannan ta biyun ma tana da fa'ida, don ana yi nokul yana jikin mota, ba a taɓa bol-bol ɗin shoka ba, saitin ƙafa bai motsa ba. Tsohon zoben waje ma kada a yar, girmansa daidai yake da bakin sabon, ana ɗora shi a kai a tura da shi. Wajen fitar da tsohon boris kuwa, a yi ta bugu ban damu ba, ai gawa ce, muddin ba a ji wa nokul da hob ciwo ba.

Ɗan Koyo: Oga barka da aiki. Ni abin da ke ba ni wahala, duk lokacin da muka fitar da hob sai rabin zoben ciki ya biyo shi ya liƙe. Yaya ake cire shi ba a lalata hob ba?

Oga Mai Gareji: Haka yake yi, ba laifinku ba ne. In akwai abin janyowa mai haƙora, ka kama gindinsa ka ja. In babu, ka ɗauki injin yanka ka yi masa tsagi a karkace, kada ka yanke har ƙasa, ka tsaya saura kaɗan. Sai ka sa cizal a tsagin ka buga sau ɗaya mai kyau, zai tsage ya saki. Ka sa gilashin kare ido, domin ƙarfen boris tartsatsi yake yi kamar kwalba. Bayan ya fita ka shafa wuyan hob da farce. In ka ji zane mai zurfi, ko ka ga ya canja launi ya yi shuɗi, ko alamar zoben ya riƙa juyawa a kansa, wannan hob ɗin ya gama aiki. Ka sa sabon boris a kansa, ba zai kama ba. Kuma kafin ka fara tura tsohon boris, ka nemi zoben makullin da ke cikin ramin nokul ka cire shi, tsatsa kan ɓoye shi. Ramin kuma a goge shi tas kafin sabo ya shiga.

Hajiya Mai Mota: Sannunku da ƙoƙari. Ni an canja mini boris ɗin gaba, ƙara ta tafi, amma tun daga ranar fitilar ABS, na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki, ta kama ta ƙi mutuwa. Wanda ya yi aikin ya ce ba ruwan aikinsa da wuta. Haka ne?

Injiniya: Hajiya, da ruwansa. A motoci da yawa na yanzu, sil ɗin gefe ɗaya na boris yana ɗauke da maganaɗisu, shi sensar ABS ke karantawa ta san gudun taya. In aka juya boris ɗin, gefen maganaɗisu ya kalli waje, sensa ba ta ganin komai, fitila ta kama. Abin takaicin shi ne ba a iya fitar da shi a juya ba tare da ya lalace ba, sai an sa wani sabo. Amma kafin a kai nan, a duba wayar sensar ko an manta ba a jona ba, ko an fasa kanta wajen cirewa, ko kuma an sayo boris ɗin da ba shi da maganaɗisun sam. Masu sawa, kafin ku matsa, ku kusanta ɗan siririn ƙarfe kamar allura ga kowane gefe, inda ta manne nan ne zai kalli sensa. Kada a kusantar masa da maganaɗisu mai ƙarfi, yana ɓata shi. Wasu motocin kuma zoben mai haƙora ne a jikin shaf, su wannan bai shafe su ba.

Hajiya Mai Mota: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan sa a fara duba wayar.

Malamin Makaranta: Mun ɗaga motar. Babu wasa a kowane gefe, amma da na ɗora hannu a sifirin ɗin dama, gurzon nan a fili yake, na hagu kuwa sumul. Bakaniken ma ya taɓa ya yarda, kuma ya amince a kai nokul wurin mai inji. Yanzu wani ya ce tunda an buɗe aiki in canja duka biyun. Me kuka gani?

Direban Tasi: Canja biyun kawai ka huta. Tare suka fara aiki, tare za su gaji.

Oga Mai Gareji: Ni ban goyi baya ba. Takalman birki da shoka, e, bibbiyu ake canjawa, don in ɗaya sabo ɗaya tsoho mota ba ta daidaita. Boris ba haka yake ba. Abin da ke kashe shi sau da yawa a gefe ɗaya yake faruwa: faɗawa rami, dukan gefen titi, ruwan da ya ratsa sil. Na hagun da aka sa a kamfani da inji mai awo, kuma yana juyawa sumul, me zai sa a fitar da shi? Ka bar shi, ka riƙa sauraronsa.

Direban Tasi: Oga, kai kana gareji, ni ina kan titi. In mota ta tsaya yau don na dama, ta sake tsayawa wata mai zuwa don na hagu, ni ke asarar yini. Ga mai motar haya gara a yi su lokaci guda.

Oga Mai Gareji: Wannan hujja ce, ga motar da ke aiki dare da rana kuma duka biyun sun yi nisa. Ga Malam dai ina nan kan bakana.

Malam, saura abin da nake so ka tsaya a kai da idonka, wato babban notin shaf. Mutane suna ɗauka riƙe shaf kawai yake yi. Shi ne ke matse zoben ciki guda biyu su haɗu, su ba ƙwallaye matsin da aka tsara musu. In bai ɗauru ba, boris zai yi wasa ya mutu da wuri. In an wuce kima, zaren shaf da boris ɗin duka suna wahala. Kowace mota da adadinta a littafinta. Misali Corolla ta 2003 zuwa 2008, 216 Nm ne, wato Newton-mita, ma'aunin ƙarfin ɗauri. A ɗaure da sufana mai awo, mota tana sama, wani ya taka birki. Kada a sauke ta ƙasa, balle a tura ta, notin bai ɗauru ba. A sa sabon noti, in mai baki ne a loɓa bakinsa cikin tsagin shaf, in mai fin ne a sa sabon fin.

Ɗan Koyo: Oga, mu dogon bututu muke sawa a sufana mutum ya hau ya taka.

Injiniya: Ɗan'uwa, yi lissafin ka gani. Mutum mai kilo 70 in ya tsaya a ƙarshen bututu mai tsawon mita 1, ya ba notin kusan 690 Nm, fiye da ninki uku na adadin da Oga ya ambata, kafin ma ya fara tsalle. Da wannan nauyin, wajen santimita 31 daga noti ya isa ya kai 216. Bindigar iska ta ɗaure noti ma ba ta san awo ba, a bar ta wajen kwancewa.

Malamin Makaranta: Na rubuta duka. Wajen saye fa, wanne zan nema?

Injiniya: Ka tafi da lambar shasi ko lambar da ke jikin tsohon boris, kada a auna da ido. Kamfanonin da aka sani a wannan fanni sun haɗa da SKF ta Suwidin, wadda aka kafa a 1907, da NSK da NTN da Koyo (yanzu JTEKT) na Japan, da FAG ta Jamus, da Timken. Sunan da ke kan kwali kaɗai ba shaida ba ne, domin masu jabu waɗannan sunayen suke kwaikwaya, har ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya ta fito da manhajar waya don tantancewa. Ka saya a hannun dilan da kamfanin ya amince da shi. Ka duba rubutun da ke jikin ƙarfen ya fito tsaf kuma ya dace da na kwali, sil ya zauna daidai, babu tsatsa. Sabon boris na kirki in ka juya shi da hannu za ka ji ɗan nauyin giris, ba ya sheƙawa da gudu.

Baba Tsohon Hannu: To tunda kun gama da naku, bari in faɗa wa Ɗan Koyo nawa, don zai gamu da shi a ƙafar baya ta tsofaffin motoci da a-kori-kura. Mai mazurari ba a ɗaure shi kamar wancan. Ka canja zoben waje tare da shi, kada ka ɗora sabbin sanduna a kan tsohon zobe. Ka ɗebi giris a tafin hannu ka riƙa danna faffaɗan bakin boris ɗin a ciki har giris ya ɓullo ta ɗaya bakin, zagaye ɗaya cif. Shafawa a sama ba cikawa ba ce. Sabon sil. Sannan ka ɗaure noti kana juya taya don sandunan su zauna, ka sassauta, ka sake ɗaurewa da yatsu, ka sa fin. In ramin fin bai zo daidai ba, baya ake komawa kaɗan, ba a ƙara matsewa.

Ɗan Koyo: Baba, ke nan ana barin sa da ɗan wasa?

Baba Tsohon Hannu: Ɗan kaɗan, wanda da ƙyar hannu ke ji. Masu littafi suna cewa tsakanin milimita 0.025 da 0.13 a yawancin irinsa, amma ka duba na motar da ke gabanka. In an yi tafiya kaɗan ka kusanta bayan hannunka ga hob. Ɗumi ba komai. In ya ƙi taɓuwa, ka duba ko birki ne ke kamawa, in ba shi ba ne, ka buɗe ka sassauta notin.